Zauren Harsuna: Harɗa Sunaye da Wutsiyar -n a Esperanto

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu biyu suke: yadda ake harɗa sunaye a Esperanto, ƙirƙirarren harshen nan na ƙasa da ƙasa, da kuma harafin nan -n da ke maƙalewa a ƙarshen kalma, wanda masu harshen ke kira akuzativo. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, na kuma rage gaishe-gaishen saboda ƙarancin fili, a gafarce ni. Ga wanda bai saba da rubutun ba: ĉ ita ce c ɗinmu ta "ciki", ŝ ita ce sh, ĝ ita ce j, ita kuwa j ta Esperanto da sautin y ake karanta ta. Ana danna murya ne a gaɓar da ke kafin ta ƙarshe.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina koyon Esperanto da kaina ta waya. Na so in ce "ɗakin kwana". Na duba na ga ɗaki shi ne ĉambro, barci kuma dormo, sai na rubuta ĉambrodormo. Wanda muke musayar saƙo da shi ya tambaye ni wai barcin nake nufi ko ɗakin. Ina na kauce?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kalmomin da ka ɗauko daidai ne, jera su ne ka yi irin na Hausa. Mu idan za mu harɗa suna, ainihin abin da muke magana a kansa muke fara faɗa, sannan mu biyo da abin da ke bayyana irinsa: ɗakin kwana ɗaki ne, jirgin sama jirgi ne, ƙwallon ƙafa ƙwallo ce. Esperanto kuwa a ƙarshe take ajiye uwar maganar. Don haka ɗakin kwana dormoĉambro ne. Abin da ka rubuta, ĉambrodormo, ma'anarsa barcin da aka yi a cikin ɗaki, shi ya sa abokin naka ya tsaya tambaya.

Wannan ba ra'ayin wani malami ba ne, doka ce ta sha ɗaya cikin dokoki 16 da L. L. Zamenhof ya gina nahawun harshen a kansu tun a ɗan littafinsa na farko da ya fito a Warsaw a 1887. Dokar ta ce ana harɗa kalmomi ta hanyar liƙa su kawai, babbar kalmar kuma ita ce a ƙarshe. Misalin da aka bayar a nan shi ne vaporŝipo: vaporo tururi, ŝipo jirgin ruwa, wato jirgin ruwa mai aiki da tururi.

Dabarar da nake ba duk Bahaushen da ya zo mini da wannan ita ce: idan ka ga harɗaɗɗen suna, karanta shi daga baya zuwa gaba, Hausarsa za ta fito da kanta. Piedpilko: pilko ƙwallo, piedo ƙafa, ƙwallon ƙafa. Fervojo: vojo hanya, fero ƙarfe, hanyar ƙarfe, wato layin dogo. Lernolibro: libro littafi, lerni koyo, littafin koyo. Poŝtelefono: wayar aljihu, ita ce wayar hannu. Ĉielarko: arko baka, ĉielo sama, bakan sama, abin da mu muka jingina wa gizo. Idan kuma kai ne za ka ƙirƙira, faɗi abin da Hausa a zuciyarka, ka juya shi, ka zubar da -n ko -r da muke haɗa su da ita.

Ka lura juyin ba ado ba ne, yana canza ma'ana gaba ɗaya, kamar yadda yake yi a wurinmu. Kantobirdo tsuntsun waƙa ne, birdokanto waƙar tsuntsu ce. Akvoputo rijiyar ruwa, putakvo ruwan rijiya. Wanda ya nemi a haƙa masa putakvo ya nemi abin da ba a haƙawa.

Akwai wani wuri da nake ganin Esperanto ta fi rubutunmu fayyacewa. Idan na rubuta "farar hula", sai mai karatu ya duba sauran jimlar kafin ya san hula ce fara ko mutumin da ba soja ba. Haka "babban yatsa". A Esperanto, idan sifa ce kawai, ana barin ta daban da wutsiyarta ta -a: dika fingro, kowane yatsa mai kauri. Idan kuma sunan wani abu ne takamaimai, sai a liƙe: dikfingro, babban yatsa, ko da na jariri ne. Alta lernejo makaranta ce mai dogon gini, altlernejo makarantar gaba da sakandare ce. Saboda haka kada ka riƙa liƙa kowace sifa da sunanta don kawai an ce harshen yana son harɗi. Ba a cewa belfloro don an ga kyakkyawan fure, bela floro ake cewa.

TAMBAYA: Malam, wani wuri ina ganin skribtablo, wani wuri skribotablo, duk ana nufin teburin rubutu. Wanne ne daidai? Daga wata mai karatu.

AMSA: Duka biyun, Malama. Wannan o ta tsakiya don sauƙin furuci ake barin ta. Idan baƙaƙe suka cunkushe har harshe ya kasa wucewa, sai a bar ta: ba wanda zai so ya ce manĝĉambro, kowa manĝoĉambro yake cewa, wato ɗakin cin abinci. Akvofalo, ruwa mai zubowa daga kan dutse, ma haka, don kvf ba ta faɗuwa. Tunda bakinmu bai saba da tara baƙaƙe uku a jere ba, shawarata ki bar o ɗin duk inda kika ji harshenki ya yi tuntuɓe, babu wanda zai ce kin yi laifi.

Wurare kaɗan ne wasalin tsakiya ke ɗauke da ma'ana, a nan ba a taɓa shi. Unutaga abin da ya yi kwana ɗaya ne, unuataga abin ranar farko ne. Posteulo shi ne wanda ya zo daga baya, jika ko magaji. Idan kika cire e ɗin ya koma postulo, wato buƙata ko neman haƙƙi. Alamar jam'i kuma, -j, ba a saba sa ta a ɓangaren farko ba: shagon littattafai librovendejo ne, ko da littattafan sun cika shi har rufi.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Wannan -n ta hana ni sakat. Da farko na ɗauka irin tamu ce ta "gidan Audu", na rubuta domon patro ina nufin gidan uba, aka ce ba haka ba ne. To mece ce ita, kuma me ya sa harshen da aka ce an yi shi don sauƙi zai ɗora wa mutane wannan nauyi? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, kama da wane ba ta wane ba ce. Tamu -n ta mallaka ce da jingina, tana haɗa suna da suna. Ta Esperanto ba ruwanta da mallaka ko kaɗan. Gidan uba shi ne la domo de la patro, ko patra domo. Aikin -n na farko shi ne nuna karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. La knabo vidis la hundon: yaro ya ga kare. Knabo ba shi da -n, shi ne aikau. Hundon yana da ita, shi aka gani.

Tunda kai malami ne, bari in bi da kai ta ƙofofi biyu da ka riga ka sani.

Ta farko Hausa ce da kanta. Muna cewa "ya sayi littafi", amma "ya saye shi", amma kuma "littafin da ya saya". Aikatau ɗaya ne, wasalin ƙarshensa ya canza sau uku gwargwadon abin da ya biyo baya: suna, wakilin suna, ko ba komai. Haka "ya tambayi malam, ya tambaye shi, ya tambaya". Ke nan mu ma muna yi wa karɓau alama, sai dai a jikin aikatau muke sa ta, kuma ba kowane aikatau ke yin haka ba, sai baƙo ya haddace waɗanne ne. Esperanto ta ɗauke alamar daga kan aikatau ta ɗora wa sunan, ta mai da ita harafi guda da ba ya canzawa. Wanda ya iya sayi, saye, saya tun yana goye bai kamata -n ta ba shi tsoro ba.

Ta biyu ita ce nahawun Larabci, ga wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawu. Daraba Zaidun Amran, wato Zaidu ya doki Amru: Zaidu fa'ili ne (aikau), Amru maf'uli ne (karɓau), mansubi, har ma da sautin n yake ƙarewa. Akuzativo shi ne wannan nasabin, kuma kamannin bai tsaya a maf'uli ba. Balarabe yana cewa shukran, ahlan wa sahlan, duk mansubai ne, don akwai aikatau da aka ɓoye. Mai Esperanto yana cewa dankon (na gode), saluton (sannu), bonan matenon (barka da safiya), bonan nokton (sai da safe), saboda cikakkiyar maganar ita ce "ina yi maka fatan kyakkyawar safiya", mi deziras al vi bonan matenon, aka yanke gaban aka bar karɓau da alamarsa.

Abin da aka samu a madadin wannan nauyi shi ne 'yancin jera kalmomi. A Hausa "yaro ya ga kare" da "kare ya ga yaro" labari biyu ne daban, matsayi ne ke nuna wa ya yi wa wa. Idan muna son mu gabatar da karen don ƙarfafawa, sai mun sake gina jimlar: "kare ne yaron ya gani". Mai Esperanto zai ce La hundon vidis la knabo, ya ɗauko karen ya kawo gaba kawai, ma'ana ba ta motsa ba, don alamar tana biye da shi duk inda ya je. Zamenhof yana son mutanen da harsunansu suka sha bamban wajen jera kalmomi su fahimci juna, ko da kowa ya zo da ɗabi'ar harshen uwarsa. Shi kansa ya tashi ne a Bialystok cikin harsuna irin su Rashanci da Folanci da Jamusanci, waɗanda duk suna da irin wannan alama.

Ga inda take raba gardama. Mi konas vin pli bone ol li: na fi shi saninka. Mi konas vin pli bone ol lin: na san ka fiye da yadda na san shi. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Haka nan la viro, kiu vidis min, mutumin da ya gan ni, da la viro, kiun mi vidis, mutumin da na gani.

Abubuwan da za ka kiyaye kaɗan ne. Sifa tana bin sunanta: Mi aĉetis novan libron, na sayi sabon littafi. Idan jam'i ne, -j ce ke fara zuwa sannan -n: novajn librojn. Wakilan suna ma suna ɗauka: min, vin, lin, ŝin, ĝin, nin, ilin. La, kalmar da ake sawa gaban suna don nuna abin da aka riga aka sani, ba ta ɗauka, lambobi ma ba sa ɗauka: Mi havas tri librojn, ba a cewa trin. Sannan bayan estas, wato "ne" ko "ce", babu -n, don ba wani aiki da ya faɗa wa kowa, bayani ne kawai ake yi: Ŝi estas kuracistino, ita likita ce. Nan ne sababbin ɗalibai suka fi zamewa, da zarar sun koyi -n sai su riƙa yayyafa ta bayan kowane aikatau.

TAMBAYA: Malam, littafin da nake bi ya ce ba a sa -n bayan ƙananan kalmomin nan irin su en, sur, sub. Shafi biyu gaba sai ga en la domon. Littafin ne ya yi tuntuɓe ko ni ce ban gane ba? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata, littafin bai yi tuntuɓe ba, dokoki biyu ne suka haɗu. Ta takwas ta ce bayan irin waɗannan kalmomi suna yana zuwa tsirararsa. Ta sha uku ta ce idan ana nuna inda aka nufa, ana sa -n. Matsalar ita ce en tana nufin "a cikin", ba ta faɗa miki ko abin yana ciki tun da ne ko yanzu yake shiga ba.

Ɗauki wannan misali, wanda irinsa yana cikin darussan Fundamento de Esperanto, littafin tushen harshen, na 1905. La birdo flugas en la ĉambro: tsuntsu yana cikin ɗakin, yana ta shawagi a ciki. La birdo flugas en la ĉambron: tsuntsun yana waje, ya taso ya shigo ɗakin. Mu da aikatau muke raba su, "yana tashi a cikin ɗaki" da "ya shigo ɗaki". La kato saltis sur la tablo: kyanwa tana kan tebur tana tsalle-tsalle. La kato saltis sur la tablon: daga ƙasa ta daka tsalle ta haye. Tambayar da za ki yi wa kanki ke nan: kie ko kien? A ina, ko zuwa ina?

Kada ki ce duk inda aka yi motsi sai an sa -n. Yaron da ke guje-guje a cikin fili yana motsi, amma bai bar filin ba, kuras en la korto. Sai an ƙetare iyaka daga waje zuwa ciki, ko daga ƙasa zuwa kai, ake sa ta.

Al da ĝis kuwa, wato "zuwa" da "har", sun riga sun nuna inda aka dosa, ba sa buƙatar taimako: Mi iras al la lernejo, ba al la lernejon ba. El da de suna nuna inda aka fito, su ma ba sa ɗauka. Sannan wannan -n ta nufa tana hawa kan bayanau: hejme a gida, hejmen zuwa gida, tie can, tien zuwa can, supre a sama, supren zuwa sama. Mi restas hejme, amma mi iras hejmen.

Tunda mun zo nan, bari in ƙara miki aikinta na uku, don za ki ci karo da shi a shafi na gaba. Tana tsayawa a madadin waccan ƙaramar kalma wajen faɗin lokaci da awo. Mi dormis dum la tuta nokto da Mi dormis la tutan nokton duk ɗaya ne, na yi barci dare farai. Lundon mi venos, ranar Litinin zan zo. Zamenhof naskiĝis la 15-an de decembro 1859, an haife shi ranar 15 ga Disamba, 1859. La vojo estas dek kilometrojn longa, hanyar tsawonta kilomita goma. Ɗalibin Larabci zai gane zarfi a nan ma. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyun: ko dum, ko -n.

TAMBAYA: Idan harɗaɗɗen suna ne karɓau, ina -n za ta zauna, ƙarshe ko kowane ɓangare? Kuma na ga sindefendo da n a tsakiya.

AMSA: A ƙarshe kawai, ɗan'uwa, don bayan an liƙa su sun zama kalma ɗaya: Mi purigis la dormoĉambron. Ŝi aĉetis du lernolibrojn. Ko da ɓangaren farko shi ne abin da aikin ya faɗa wa a ma'ana, ba ya ɗauka: mai sayar da littattafai librovendisto ne. Wanda ka gani yana cikin 'yan tsirarun da suka fita daban. Sin, wato "kai" na kare kai, tana riƙe n ɗinta: sindefendo kariyar kai, sinteno yadda mutum ya ɗauki kansa game da abu. Haka -en ta nufa: hejmeniri tafiya gida, supreniri hawa sama.

TAMBAYA: Malam, buroshi broso ne, amma matajin kai kombilo. Me ya sa ɗaya yake da -il- ɗaya babu? Kuma malsanulejo, wai asibiti, ta yaya mutum zai warware wannan doguwar kalma? Daga wani ma'aikacin jinya.

AMSA: Wannan tambaya ta yi mini daɗi, don a nan ne Bahaushe ya fi kowa samun sauƙi. Muna da ma- da muke ƙera sunan wuri, sunan kayan aiki da sunan mai sana'a da ita: ƙira ta ba mu maƙera da maƙeri, karatu ya ba mu makaranta, kullewa ta ba mu makulli, ɗinki ya ba mu maɗinki. Esperanto tana yin wannan da ɗafa-ƙeya uku: -ej- wuri, -il- kayan aiki, -ist- mai sana'a. Forĝi yin ƙira, forĝejo maƙera, forĝisto maƙeri. Lerni koyo, lernejo makaranta. Ŝlosi kullewa, ŝlosilo makulli. Kudri ɗinki, kudristo maɗinki, kudrilo allura.

A Esperanto waɗannan ɗafe-ɗafen saiwoyi ne masu cin gashin kansu: ejo wuri, ilo kayan aiki, ulo mutum, aro tari. Ke nan lernejo ma harɗaɗɗen suna ne, kuma dokar karantawa daga baya tana aiki a kansa: wurin koyo. Gwada ta a kan kalmar wurin aikinka. Mal-san-ul-ej-o: ej wuri, ul mutum, san lafiya, mal kishiya. Wurin mutanen da ba su da lafiya. Akwai hospitalo ma, kuma mutane suna amfani da duka biyun. Da wannan dabara ce littafin 1887 ya wadatu da saiwoyi kimanin 900, har ma a cikinsa an riƙa sa 'yar alama tsakanin gutsattsarin kalma don mai karatu ya nemi kowanne a ƙamus.

Batun broso da kombilo kuwa tsohuwar gardama ce. René de Saussure, ƙanen shahararren masanin harshe Ferdinand de Saussure, shi ya fi yin bayaninta a farkon ƙarni na 20. A taƙaice, kowace saiwa tana da ɗabi'arta ta asali. Bros- sunan abu ce tun fil azal, broso shi ne buroshin, brosi kuma gogewa da shi. Ƙara mata -il- maimaici ne. Komb- kuwa aiki ce, kombi taje kai, don haka kombo tazar ce kanta, sai an ƙara -il- a sami abin da ake yin ta da shi. Ƙa'idarsa ita ce a sa duk abin da ake buƙata don ma'ana ta fito, kada a ƙara abin da saiwar ta riga ta ƙunsa. Gaskiyar magana, a nan harshen bai kai sauƙin da masu tallarsa ke faɗa ba, dole ka san ɗabi'ar saiwar, kuma ƙamus ne zai gaya maka: idan ya kawo ta da -i aiki ce, idan da -o suna ce.

Wani abin dariya da harɗin ke haifarwa shi ne kalmar da za a iya yanka ta gida biyu. Kolego abokin aiki ne, amma kol-eg-o ƙaton wuya ne. Sukero sukari ne, amma suk-er-o ɗigon ruwan 'ya'yan itace ne. Masu harshen suna wasa da waɗannan, a magana ta yau da kullum kuwa ba sa rikita kowa.

TAMBAYA: Wani ya ce mini masu Esperanto da kansu sun taɓa yunƙurin jefar da -n. Da gaske ne? Idan na bar ta za a fahimce ni?

AMSA: Da gaske ne. A 1894, bayan matsin lamba daga masu son gyara, Zamenhof ya gabatar da wani tsari na sauye-sauye a mujallar La Esperantisto, cire akuzativo yana ciki. Aka jefa ƙuri'a, mafi yawa suka ce a bar harshen yadda yake. A 1905, a babban taron farko da aka yi a Boulogne-sur-Mer ta Faransa, aka amince da Fundamento a matsayin tushen da ba mai taɓa shi. A 1907 wasu suka ɓalle suka kafa wani harshe mai suna Ido, wanda a cikinsa ba a sa -n sai an gabatar da karɓau kafin aikau. Ido yana nan har yau, amma mabiyansa ba su kama ƙafar na Esperanto ba.

Za a fahimce ka a yawancin jimloli, kamar yadda muke fahimtar baƙon da ya ce "na saya littafi". Amma kunnen mai harshen zai ji, kuma akwai tsokanar da suka saba yi wa juna: Ne forgesu la akuzativon! Wato kada ka manta da akuzativo. Ni dai ina cikin masu ganin gara da aka bar ta, ko don waƙa da fassara, inda mai rubutu ke buƙatar ya motsa kalmomi ba tare da ya rasa wa ya yi wa wa ba. Mai son zurfafawa ya nemi Plena Manlibro de Esperanta Gramatiko na Bertilo Wennergren, wanda aka fi sani da PMEG; da Esperanto aka rubuta shi, amma cikin sauƙin lafazi, kuma yana kan intanet.

TAMBAYA: Malam, don Allah a duba mini waɗannan: (1) Mi havas multe da librojn. (2) Mi farbis la pordon ruĝan, ina nufin na yi wa ƙofar jan fenti. (3) Mi vidis Amina. Daga wata mai karatu.

AMSA: Ta farko, Malama, cire n ɗin. Kalmar nan da ta Esperanto tana cikin ƙananan kalmomin da suna ke bin su tsirararsa: multe da libroj. Idan kina son -n, sai ki ce multajn librojn.

Ta biyu ta fi daɗin tattaunawa. Yadda kika rubuta, ruĝan tana bin pordon a matsayin sifarta, ma'anar ta zama kin yi wa jar ƙofa fenti, ba mu san wane launi kika shafa mata ba. Idan jan shi ne sakamakon aikin, sifar ba ta ɗaukar -n: Mi farbis la pordon ruĝa. Haka Mi trovis la akvon malvarma, na tarar ruwan ya yi sanyi, daban yake da Mi trovis la malvarman akvon, na samo ruwan sanyin da ake nema. Haka kuma Ili elektis lin prezidanto, sun zaɓe shi shugaba.

Ta uku ba laifi ba ce, sunayen da ba na Esperanto ba ana iya barin su yadda suke idan jimlar ba ta da ruɗani, kuma mi ta riga ta nuna ke ce mai ganin. Amma idan sunaye biyu ne, gara a sa: Musa vidis Amina-n. Sunan da ya ƙare da wasali n kawai ake ƙara masa, wanda ya ƙare da baƙi kuma -on, kamar Bashir-on. Wasu suna rubutawa da ɗan karan tsakiya, wasu ba sa sawa, duk ana gani.